HAUZI: Hukuncin Wanda Ya Daɗe da Gona a Hannunsa

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ta raba zumunta da yawa a ƙasar nan tamu. Duk wanda ya san zauren uban ƙasa ko ɗakin shari'a a Dogon Daji, ko Tambuwal, ko Jabo, ko Kebbe, ya san cewa da zarar bazara ta kama, mutane suka fara sharar gona, to, ƙararrakin gonaki sun taso ke nan. Wannan ya ce gonar ubansa ce aka ba da aro, wancan ya ce shi tun yana yaro a cikinta ya ke noma. A nan ne za ka ji mutum ya bugi ƙirji ya ce, ai ya shekara goma yana noman ta, saboda haka shari'a ta ba shi. Maganar tana da asali a cikin fiƙihu, amma mutane sun ɗauki rabinta ne suka bar rabi, kuma rabin da suka bari shi ya fi nauyi a wurin Allah.

MA'ANAR HAUZI DA ASALINSA

Kalmar hauzi Larabci ce, ma'anarta mutum ya sa hannu a kan abu ya riƙe shi, yana sarrafa shi yadda mai abu ke sarrafa abinsa. A gona sarrafawar ita ce noma, da shuka itace, da haƙa rijiya, da cin amfani. A gida kuwa ita ce zama, da gini, da rushewa, da ba da haya.

Asalin hukuncin yana komawa ga ƙa'idar nan da kowane almajirin fiƙihu ya sani, watau kawo shaida yana kan mai ƙara, rantsuwa kuwa tana kan wanda ya yi musu. Imamu Muslim ya ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru cewa wani mutumin Hadaramautu da wani mutumin Kinda sun zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna jayayya a kan wata ƙasa. Na farko ya ce ta ubansa ce aka rinjaye shi a kanta, na biyu ya ce tasa ce, tana hannunsa, yana noman ta. Manzon Allah ya nemi shaida daga mai ƙara, da ya rasa sai ya gaya masa ba shi da komai sai rantsuwar abokin shari'arsa. Daga nan malamai suka fahimci cewa kasancewar abu a hannun mutum ƙarfi ne a gare shi gaban alƙali.

Game da ƙayyade shekara goma, an ruwaito wani hadisi daga Sa'idu ɗan Musayyibu da Zaidu ɗan Aslama mai wannan ma'ana, amma mursali ne, watau ba a ambaci sahabin da aka ji shi daga gare shi ba. Shi kansa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, bai yanke adadin shekaru ba, ya bar abin ga ganin alƙali, kamar yadda ya zo a cikin Mudawwana. Malaminsa Rabi'a shi ya ce shekara goma, almajirinsa Ibnul Ƙasim kuma ya ga abin da ya kusanci goma, kamar takwas ko tara, yana iya ɗaukar hukuncinta. Daga baya shekara goma ta zama ita ce a ke aiki da ita a mazhaba. Haka ta zo a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386, da Muhtasar na Shaihu Halilu, da Tuhfatul Hukkami ta alƙalin Garnaɗa, Ibnu Asim, wanda ya rasu a 829. Waɗannan su ne littattafan da alƙalan ƙasar Sakkwato suka gada tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƙanensa Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829 Miladiyya, har littafi ya keɓe a kan hanyoyin mallakar ƙasa mai suna Ta'alimur Radi.

To, mene ne dalilin wannan hukunci? Dalilinsa shi ne al'ada. Ba a saba ganin mai hankali ya tsaya yana kallon wani bare yana noman gonarsa, yana kai amfanin rumbunsa, shekara goma cur, bai ce uffan ba, alhali babu abin da ya ɗaure masa baki. Irin wannan shiru yana nuna ɗayan biyu: ko dai gonar ba tasa ba ce tun farko, ko kuwa ta fita hannunsa ta hanyar ciniki ko kyauta wadda shaidunta suka mutu. Saboda haka babban malamin nan na Ƙurɗuba, Ibnu Rushdi kaka, wanda ya rasu a 520, ya bayyana cewa hauzi ba ya ɗauke mallaka daga wani ya mayar ga wani, shi dai alama ce da ke nuna mallaka. Mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, domin a kanta darasin nan duka ya ginu.

SHARUƊƊAN HAUZI

Mu ƙaddara Zaidu ne ke riƙe da gona, Amru kuma ya zo yana neman ta. Kafin alƙali ya ƙi sauraron Amru da shaidunsa, sai waɗannan abubuwa sun tabbata.

Na ɗaya, Zaidu ya kasance yana sarrafa gonar a fili, kowa na gani, kamar yadda mai gona ke yi. Na biyu, ya kasance yana cewa tasa ce. Idan da bakinsa ya ce ba shi da wata hujja sai daɗewa kurum, to, ya rushe maganarsa da kansa. Na uku, Amru ya kasance yana nan a garin ko kusa da shi. Na huɗu, ya san Zaidu yana cikin gonar, ya kuma san cewa shi yana da haƙƙi a cikinta. Na biyar, ya yi shiru tsawon wannan lokaci ba tare da wani uzuri ba. Na shida, shekara goma ta cika. A kan haɗa shekarun uba da na magajinsa wajen lissafi, misali uba ya riƙe shida ya rasu, ɗansa ya riƙe huɗu. Idan waɗannan suka haɗu, magana ta Zaidu ce, malamai da yawa kuma sun ce sai ya haɗa da rantsuwa. Idan ɗaya ya faɗi, hauzi ya faɗi, a koma ga shaidu.

Shekara goman nan ta ƙasa ce da gida da itatuwa. Sauran kaya lokacinsu bai kai haka ba, domin a cikin Tuhfa an sanya wa tufafi shekara ɗaya zuwa biyu, abin hawa kamar doki da jaki kuwa shekara biyu ko fiye.

TSAKANIN DANGI

Duk abin da muka faɗa tsakanin bare da bare ne. Tsakanin 'yan'uwa hukunci ya sake, domin al'adar da aka gina hukuncin a kanta ta sake. Mutum ya kan bar wa ƙanensa gona don tausayi, ya kan kau da kai daga surukinsa don kunya. Shi ya sa mai Risala ya ce irin wannan lokaci ba ya zama hauzi tsakanin dangi da surukai, malaman baya kuma suka kai shi ga abin da ya haura shekara 40. Idan an san akwai gaba da husuma tsakaninsu, ta yadda ba a tsammanin rangwame, to, sun zama kamar bare. Tsakanin uba da ɗa kuwa abin ya fi haka tsanani, sai in an sayar ko an kyautar a gaban mai haƙƙi ya yi shiru, ko kuwa zamani ya yi tsawon da shaidu suka ƙare, labari ya ɓace.

A nan ne ya kamata a ja kunnen masu riƙon gandu. Sau da yawa mai gida ya kan rasu a ƙi raba gado, babban ɗa ya ci gaba da noman gonaki, 'yan'uwansa mata suna gidajen aurensu a Sanyinna ko Kuchi ko Jega, ƙanana kuma ba su san hagu da dama ba. Bayan shekara ashirin, in ɗaya daga cikin matan ta buɗe baki, sai a ce mata ina ta ke tuntuni. Wannan zalunci ne. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yanka wa mata rabonsu a Suratun Nisa'i aya ta 7, Ya kuma ce ko abin da aka bari kaɗan ne ko mai yawa. Riƙon da wa ya yi wa gadon da ba a raba ba riƙo ne a madadin magada duka, kuma kunyar da ta hana mace neman haƙƙinta ga wanta ba yafewa ba ce.

INDA HAUZI BA YA AIKI

Tun da hauzi alama ce ta mallaka, to, ba ya amfani sai inda ba a san yadda mutum ya shiga gona ba. Idan shaidu suka tabbatar da cewa ya shiga ne ta hanyar aro, ko haya, ko jingina, ko riƙon amana, alamar ta faɗi, ko da ya shekara hamsin. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ita ce hikimar al'adar galla da kakanninmu suka bari, inda mai aron gona ke kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu in an yi kaka. Damin ba wani abu ba ne wajen kuɗi, amma shaida ne da a ke sabuntawa kowace shekara a kan idon jama'a. Haka nan gonar jingina, ranar da mai ita ko magajinsa ya kawo kuɗin, ranar ta koma gida.

Wanda aka san ya shiga da ƙwace, ko da ƙarfin sarauta, ko da ƙarfin kujera, shi ma daɗewa ba ta wanke shi.

Sa'an nan akwai abin da ba na mutum ɗaya ba, kamar waƙafi, da masallaci, da hanyar jama'a. Shaihu Dardiri, mai sharhin Muhtasar, ya bayyana cewa a kan saurari shaida a kan irin waɗannan kome tsawon zamani. A ƙarƙashin wannan ne maƙabarta da filin idi da burtali da mashaya ke shiga. Manomin da ya ci burtali da garma kaɗan kaɗan, har hanyar shanu ta zama siririya kamar igiya, ba shi da ikon ya ce ya daɗe a wurin, domin babu mutum ɗaya da shirunsa zai zubar da haƙƙin jama'a. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma tun kafin ta shari'a ta riga ta tsare wannan haƙƙi. Da an kiyaye shi, da an rage jinin da a ke zubarwa tsakanin manoma da makiyaya.

UZURORIN DA KE KARE MAI SHIRU

Shiru ba ya zama hujja a kan mutum sai in yana da ikon magana. Yaro ba a lissafa masa shekaru sai bayan ya balaga ya yi hankalin riƙe dukiya. Mahaukaci haka. Wanda ya yi tafiya mai nisa yana kan haƙƙinsa kome daɗewa, malaman da kuwa sun kwatanta nisan da tafiyar kwana bakwai ko takwas, suka ce tafiyar yini ɗaya ko biyu kamar zama a gari ne ga namiji, ban da mace. Yau da mota da wayar hannu suka naɗe ƙasa, alƙali zai duba ko labari ya kai ga mutumin, ko kuma yana da halin zuwa ko naɗa wakili. Ɗan ci-rani da ke zuwa Ikko ko Ibadan ya komo kowace damina yana ganin gonar da idonsa, wannan mazaunin gida ne. Wanda ya tafi Makka ko Sudan ya yi shekaru babu labari, hukuncinsa dabam.

Babban uzuri a wannan zamani shi ne tsoro. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a jihohin Sakkwato da Zamfara da Kabi, mutane suka bar gonakin iyayensu suka koma gefen manyan garuruwa suna neman abin kai wa baka. Wanda ya gudu da ransa bai yi shiru don yarda ba, saboda haka shekarun gudun hijira ba sa shiga lissafin hauzi. Duk wanda ya tsaya a baya ya shiga gonar maƙwabcinsa da ya gudu, ya sani amana ce a hannunsa. Wannan mas'ala za ta cika kotuna ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, ya kamata malamai da iyayen ƙasa su fara bayyana ta tun yanzu.

HAUZI DA DOKOKIN ZAMANI

Wasu 'yan boko su kan ce ai wannan shi ne abin da ke cikin dokar Ingilishi, inda mutum ke mallakar fili in ya riƙe shi shekara 12. Sun yi kama, amma tushensu dabam. A dokar Ingila ta asali, cikar lokaci ita kanta ke kashe haƙƙin mai fili, ko da wanda ke ciki ya san sarai ba nasa ba ne. A shekara ta 2002 kotu mafi girma ta Ingila a wancan lokaci ta yanke wata shari'a tsakanin wani kamfani mai suna Pye da iyalin wani manomi mai suna Graham. Manomin ya shiga fili mai hekta 25 ne da yarjejeniyar kiwo wadda ta ƙare a ƙarshen 1983, ya ci gaba da amfani da shi ba tare da sabon izini ba, kamfanin ya yi sakaci har lokaci ya cika, kotu ta ba iyalin filin. Da a gaban alƙalin Malikiyya ne, da an tambayi yadda aka shiga, da zarar an ce da haya ne, magana ta ƙare. Su ma Ingilishi sun tsananta wannan doka a shekarar nan ta 2002 game da filayen da aka yi wa rajista.

A nan Nijeriya kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Amma ba ta raba manomi da gonar da ya ke riƙe da ita ba, kuma in Musulmi biyu suka yi jayayya a kan wane ne mai haƙƙi a tsakaninsu, kotunan shari'a da fiƙihun Malikiyya su ke hukunci. Manyan kotunan ƙasa sun karɓi hukuncin hauzi tare da togace-togacensa, har Kotun Ƙoli a shari'ar da aka sani da Hada da Malumfashi ta 1993. Abu ɗaya da ya kamata mai ɗaukaka ƙara ya sani shi ne, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Rikicin gona tsantsa wanda bai shafi ɗayan waɗannan ba, Babbar Kotun Jiha a ke kai shi. Mutane da yawa sun ɓata shekaru da dukiya don sun ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

ALƘALI BA YA HALATTA HARAM

Yanzu mun iso ga rabin da aka bari. A ƙaddara Zaidu ya san a zuciyarsa cewa ubansa aro ya yi, amma shaidun sun mutu, Amru kuma ya yi sakaci. Aka je kotu, aka yi izari, ya rantse, aka ba shi gona. Shin ta halatta gare shi? Ba ta halatta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa masu kawo ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, wani kuwa ya fi wani iya tsara hujja, to, wanda ya yanka wa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta ne ya yanka masa. In hukuncin Annabi bai mayar da haram halal ba, ina ga na alƙalin Tambuwal ko na Kebbe? Allah kuma Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna da kai ta gaban mahukunta don a ci haƙƙin mutane da sani, a Suratul Baƙara aya ta 188.

Laifin cin ƙasa ya fi yadda mu ke zato. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa ita a wuya har ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Wanda ya ruwaito hadisin, Sa'idu ɗan Zaidu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, wata mata mai suna Arwa ta kai shi ƙara gaban Marwanu ɗan Hakamu cewa ya ci mata ƙasa. Ya roƙi Allah in ƙarya ta ke yi Ya makantar da ita Ya kashe ta a cikin ƙasar tata. Ba ta mutu ba sai da ta makance, ta kuma faɗa rami a cikin wannan ƙasa ta mutu. Har ila yau Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu la'anta a kan wanda ya gusar da alamar iyaka. Mai tuge gamba ko aguwa da dare ya matsar da ita kunya ɗaya, ya auna wannan kunyar da ƙassai bakwai.

NASIHA

Ga mai gona: in za ka ba da aro ko jingina, ka kira shaidu, a rubuta, hakimi ko mai gari ya sa hannu, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka riƙa karɓar galla ko da dami ɗaya ne. In ka ga an shiga maka, kada ka tsaya ga gunaguni a bakin kasuwa, domin malamai da yawa sun ce jayayyar da ke katse hauzi ita ce wadda aka kai gaban mahukunci.

Ga magada: a raba gado da wuri tun tsofaffin da suka san iyaka suna raye, a ba mata da marayu nasu. Wanda ya ga dama ya bar wa ɗan'uwansa bayan ya san rabonsa, wannan kyauta ce mai lada.

Ga wanda gona ke hannunsa: in ka san da gaskiya ka same ta, shari'a ta tsare ka daga mai tono tsohon zance don ya ga ƙasa ta yi daraja. In kuwa ka san ba taka ba ce, ka mayar tun kana da ikon mayarwa, ko ka nemi masu ita ku daidaita. Kada ka bar wa 'ya'yanka hatsin da za su ci kai kuma a tambaye ka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya mayar da waɗanda aka raba da gonakinsu gidajensu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.